Masallacin Babana na Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina, da yammacin da na tara dattawan unguwarmu a Makka, na cika musu ciki da shinkafa da naman rago, sannan na miƙe a gabansu ina ta zuba don in nuna musu masallacin da na gina musu. Ba wanda ya ce in yi jawabi. Ni na ga ya dace. Tunda dai labarin ya riga ya zaga, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni magini ne, ɗan magini. Babana, Mamman, mutumin Zazzau ne. Ya taso da ni da innata zuwa aikin hajji a ƙafa, irin tafiyar da, wadda za a yi tafiya a tsaya a yi aiki, in guzuri ya samu a ƙara gaba. A hanya aka yaye ni, kuma ba mu ga ruwan Bahar Maliya ba sai da na fara famfara. Muka sauka a wani ƙaramin gari a gaɓar Sudan, inda Takari suke zaman jiran jirgin da zai tsallaka da su Jidda. (Takari mu ke nan, duk baƙin mutumin da ya taho daga yamma yana neman Ka'aba.) A garin nan babana ya samu aikin gini, a garin nan kuma zazzaɓi ya ɗauke shi, ruwa kaɗai ya rage tsakaninsa da abin da ya baro gida dominsa. Innata ta tsallako da ni, ta yi hajjinta, ba ta jima ba ita ma ta bi shi. Wani magini ɗan Katsina ya ɗauke ni ya riƙe, ya koya mini sana'a, har na kai ana ce mini mu'allim, yadda ake kiran babban magini a nan.

Abin da ya fi ci mini rai tun ina yaro shi ne ban riƙe fuskar babana ba. Na yi ta ƙoƙari. In rufe ido, in ga rawaninsa, in ga hannunsa da ƙasa ta bushe a kai, da na hau zuwa fuska sai ta narke. Ba hoto, ba ɗan'uwa da zan duba in ce ga kama. Wannan abu ya dame ni ƙwarai, har bayan na yi aure na haihu.

Amma ginin da ya yi a bakin teku, wannan na riƙe shi tsaf. Da dutsen teku aka yi shi, wani farin dutse mai huji-huji da ake yankowa daga cikin ruwa, in ya sha rana ya yi tauri. Dogo ne, ƙofarsa a yamma, ya miƙe ya nufi gabas, can ƙurya ya lanƙwasa ya yi lungu zagayayye. Kafin a kai lungun, ɗaki ya fito ta dama, wani ya fito ta hagu. Tagoginsa dogaye ne sirara masu tsini a sama, an jera su yadda iskar teku za ta shiga ta nan ta fita ta can. Daga cikin ƙofa akwai kaskon dutse a kan ginshiƙi, tsayinsa ya kai ƙugun babba. A bisa ƙofar kuma 'yar hasumiya ce mai taga ɗaya a buɗe. Rufin shi ne abin kallo, don katakon wani fasasshen jirgin ruwa ne aka kifa, in ka ɗaga kai sai ka ga haƙarƙarin jirgi a samanka. A tsakiya kuwa, inda ɗakunan gefe suka haɗu da dogon, babana ya ɗaura baka, wato bakan gizo irin na Zazzau, ya taso daga kusurwoyi ya haɗu a sama. Ta waje ya kafa zankwaye, kai ka ce soron wani attajiri aka ɗauko daga gida aka ajiye a bakin ruwa.

Da azahar, in rana ta take, sai ma'aikata su sauko daga katanga. Su ɗebi ruwa a kaskon nan su yi alwala, babana ya shige lungun gabas ya ja su salla, ni ina can baya tsakanin buhunan farar ƙasa. Ina jin muryarsa tana hawa rufin jirgin tana dawowa. Ƙeyarsa nake gani, da gumin da ya jiƙa bayan rigarsa, iska kuma tana shigowa da warin kifi da gishiri. Duk duniya ba inda na taɓa jin natsuwa irin ta wurin nan.

To ku faɗa mini tsakani da Allah. Yaro ya ga gini ya fuskanci alƙibla, ga lungun liman, ga wurin alwala, ga hasumiya, ga ubansa yana limanci a ciki, me zai kira shi? Ba wanda ya ce mini masallaci ne, ni ma ban tambaya ba. Mun bar garin ba a gama shi ba. Na kuma girma a Makka, inda za ka tsufa ka mutu ba ka ga ɗakin ibadar da ba masallaci ba. (Na san wasunku sun riga sun hango inda za mu. Ku yi haƙuri, ku bar ni in faɗa ramin da ƙafata.)

Shekaru kaɗan bayan yaƙin Turawa na biyu unguwarmu ta cika. A gefen dutse muke, can bayan Misfala, ta wajen da yanzu ake kira Nakkasa. Gidajenmu na gwangwanin kananzir ne da aka fasa aka miƙar, da buhu, da ɗan dutse ga wanda Allah ya hore wa. Harami ya yi wa tsofaffi nisa, ga hawa ga sauka, sai muke salla a wani fili da aka kewaye da duwatsu, rana tana gasa mana goshi. Wata Juma'a babbanmu Alhaji Barau, tsohon mai tsire wanda duk rigimar unguwa a dakalinsa take ƙarewa, ya ce lokaci ya yi da za a yi ɗan masallaci mai rufi. Kafin ya rufe baki na miƙe.

Na ce, "Alhaji, ku bar mini. Zan gina muku masallacin babana na bakin teku."

Ya ce, "Yaya yake, Mu'allim?"

Na ce, "Sai kun gani."

Gaskiyar abin da ke raina ban faɗa wa kowa ba. Babana bai taka Makka ba. Na ce a zuciyata tunda ƙafarsa ba ta zo ba, to hannunsa zai zo, kuma wataƙila in na tsaya a sahun baya na ginin nan, fuskar za ta dawo mini.

Unguwa ta tashi tsaye. Kowane gida ya kawo dutse, masu jakuna suka yi jigila kyauta, mata suka riƙa aiko da ruwa a garwa daga abin da suka saya don girki, kuma wanda ya zauna a Makka ta wancan zamani ya san darajar garwar ruwa. Ni kuwa na sa aka kewaye wurin da buhu da tabarmi, na ce kada kowa ya leƙa, wai don kada baki ya kama ginin. Ƙarya nake, so nake in ba su mamaki. Leburorina haifaffun Makka ne, ba wanda ya taɓa tsallaka ruwa a cikinsu, duk abin da na ce sai su ce, "Tayyib, ya Mu'allim."

Mutum biyu ne suka leƙa, kuma duk biyun Allah ne ya aiko su ya cece ni, na kore su. Ta farko maiɗakina Asabe ce, ranar da ta kawo mini abinci. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallo.

Ta ce, "Mu'allim, ni fa ban san gini ba. Amma masallaci ba a kwance ake yinsa ba, don sahu ya yi faɗi? Wannan naka ya miƙe kamar lungun kasuwa. Mutum nawa ne za su tsaya a sahun farko?"

Na ce, "Haka ake yi a bakin teku."

"Waɗannan ɗakunan na gefe fa? Wanda ya shiga can ai ba zai ga liman ba."

Na ce, "Na dama na tsofaffi ne, na hagu na masu tari." (A take na ƙirƙiro wannan, kuma har na ji daɗin kaina.)

Ta ɗauki kwanonta ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da mata suke faɗar haka in sun san ba za a samu ba.

Na biyu shi ne Ladan Bawa, wanda zai riƙa kiran salla. Mutum ne da Allah ya ba murya ya haɗa masa da tumbi. Da hasumiya ta tashi na kira shi ya gwada. Ya hau tsani yana nishi, ya cusa kai a tagar nan, kafaɗa ɗaya ta shiga, ɗayar ta ƙi. Ya yi gaba abu ya ƙi, ya yi baya abu ya ƙi, sai da leburori suka kama ƙafafunsa suka zaro shi, rigarsa ta yage a hammata.

Ya zauna yana haki ya ce, "Mu'allim, ladanin garin nan naku yana cin abinci kuwa?"

Na ce, "Mutanen bakin teku sirara ne, Ladan. Kifi suke ci."

Haka na ci gaba. Katanga ta kai, tagogi suka yi tsini, na sa aka sassaƙa kasko aka ɗora a kan ginshiƙi, na ɗaura bakan tsakiya da hannuna, na kafa zankwaye. Ranar da bakan nan ya tsaya da kansa sai da na shiga ɗakin masu tari na share hawaye. Rufi kaɗai ya rage, tunda a Makka ba a samun fasasshen jirgi. Na ga ba zan iya jira ba, na ce a yi walima a buɗe wa jama'a su gani.

A ina za a zauna? Ni na zaɓa da bakina, a farfajiyar Alhaji Barau, wadda take can sama a kan dutse, ginin yana ƙasanta sosai. Na ce daga nan ne za a ga tsarinsa gaba ɗaya. Wallahi kuwa an gani.

Bayan la'asar aka hallara. Dattawa suka zauna a kan tabarmi, mata suna bayan katanga, aka ci aka sha, aka zuba shayi. A gefe akwai wani tsoho ramamme da ban sani ba, ba haƙori a bakinsa, yana ta fama da nama. An ce baƙon Alhaji ne, sunansa Baba Nomau, bana ya tsallako bayan ya daɗe a Sudan. Ban ko kula shi ba, na ɗauka irin waɗanda ƙamshin shinkafa yake kawowa ne.

Na miƙe na gyara rawani. Na fara da babana, yadda ya baro Zazzau, yadda ya gina wa alhazai masallacin da babu irinsa daga Kano har Sawakin ta gaɓar Sudan. Na ce masana sun tsallako ruwa don su gan shi. (Ban san wani masani ba, amma maganar ta zauna daidai a wurin.) Na ce duk wanda ya yi salla a cikinsa sai ya ji kamar an ɗauke masa kaya. Na ce yau ga shi Allah ya kawo shi Makka ta hannun ɗansa. Sannan na ɗaga hannu, leburori suka ja igiya, buhu da tabarmi suka zube.

Ga farin gini shimfiɗe a kan baƙar ƙasa, ba rufi, rana ta haske shi. Dogo ɗaya, gajere ya gitta shi.

Wuri ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka kyau ne ya kashe musu baki, sai na ƙara murya. Ina nuna kasko ina bayani, ina nuna hasumiya ina bayani, har da faɗin cewa in Allah ya kai mu za mu nemo katakon jirgi daga Jidda. Na lura wasu dattawa suna kallon juna, na ce a raina hassada ce.

Sai tsohon nan ya ajiye ƙashin da yake tsotsa, ya dafa sanda ya miƙe. Ya matso bakin farfajiya ya kare ido da hannu. Ya daɗe yana kallo, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya juyo ya ce, "Ɗana, kai ɗan Mamman Bazazzagi ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya rungume ni yana kuka. Ya ce shi ya riƙa miƙa wa babana dutse a ginin nan tun daga tushe. Jama'a, ku zo ku ga yadda na kumbura. Ga shaida Allah ya kawo har gida. Na juya ina kallon dattawa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Baba, faɗa musu. Na yi daidai ko ban yi ba?"

Ya ce, "Daidai? Ɗana, ba abin da ka rage. Ga gurbin ƙararrawa can a sama. Ga kaskon da suke yi wa jariransu wanka in za a sa suna. Ga gicciyen nan kwance yadda limaminsu ya zana. Har zankwayen Mamman. Ku dubi ikon Allah, wa ya ce zan rayu in ga kanisar Ingilishi a Makka."

Kanisa ita ce coci. Kuma wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, murna ce fal a fuskarsa, kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a kasuwa.

Kofin shayin Alhaji Barau ya tsaya a tsakanin tabarma da bakinsa. Wani ya ja salati a hankali. Ni kuwa na yi dariya, irin dariyar da ba ta da gindi, na ce, "Haba Baba, tsufa ne. Babana ya ja salla a ciki, da idona na gani."

Ya ce, "Ya ja mana, ai ina bayansa. To a ina za mu yi, a rana? Lokacin ba su fara ibadarsu a ciki ba."

Na zauna daɓas a kan wani buhu na riƙe haɓa, na rasa inda zan sa idona. Can sai muryar Ladan Bawa ta fito a sanyaye, yana shafa hammatarsa, ya ce, "Ashe a gurbin ƙararrawa aka cusa ni." Daga bayan katanga wata mata ta tuntsire, sauran suka kama. Maza suka yi ta danne tasu har Alhaji Barau ya daka tsawa.

Ya ce, "A mayar da buhunan nan. Yanzu, kafin wani ya hango daga wancan dutsen."

Yana da gaskiya. A Makka muke, mu baƙi ne, a zamanin da ko taba mutum zai sha sai ya shige ƙuryar ɗaki. In labari ya fita cewa Takari sun shimfiɗa gicciye a gefen dutse, wa zai tsaya ya saurari zancen maraya da bakin teku? Sai ga dattawa masu furfura suna gangarawa da gudu, wannan ya ja tabarma, wancan ya ja buhu, har da mai cire mayafinsa ya rataya. Waɗanda suka biyo ta Hartum kuma kowa ya shiga cewa, "Ni dama tun da na ga tagogin nan jikina ya ba ni." Ba wanda jikinsa ya ba shi komai sa'ad da yake cin shinkafata.

Na koma gida ta bayan gidaje. Asabe ta ajiye mini ruwa ta koma kan aikinta. Da ta yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Kunyar mutane daban, amma abin da ya hana ni cin abinci wani ne. Abu ɗaya tak na gada daga babana, shi nake taƙama da shi tun ina yaro, shi nake tunawa in kewa ta taso, ga shi an ce ma ba abin da na zata ba ne. Sai na ji kamar yau ne ya mutu.

Da hantsi na tafi wurin Baba Nomau, a niyyata in yi masa faɗa. Na same shi a inuwar katanga yana jiƙa gurasa a shayi. Ya matsa mini a tabarma, kafin in buɗe baki ya fara ba ni tarihin ginin, faɗan ya bi ruwa.

Ya ce garin nan da ba kowa sai masunta. Ingilishi suka zo suka kafa gidan waya da wurin tsare alhazai saboda annoba. Wata shekara jirginsu ya hau duwatsun ƙarƙashin ruwa ya fashe a gaban gari, masunta suka tsamo waɗanda suka tsamo, sauran ruwa ya ci, har da matuƙin. Matar matuƙin ce ta zo daga ƙasarsu ta ce a gina ɗakin ibada irin na ɗariƙarsu, Angilika suke ce mata, a rufe shi da katakon jirgin da ya kashe mijinta. Su ma gabas suke fuskantar da nasu, a gaɓar can kuwa gabas ita ce alƙibla. Da aka zo tsakiya katako bai kai ba, sai babana ya ce zai ɗaura baka da azarar goruba, suka ce ya yi.

Na ce, "Zankwayen fa?"

Ya ce, "Wannan ba wanda ya sa shi. Cewa ya yi gini ba zanko kamar dattijo ne ba hula. Matar ta gani ta ce a bar su."

Ya ce daga baya jirage suka koma babbar tasha, Ingilishi suka bi su, gari ya koma na masunta. Ginin yana nan. Jifa-jifa limaminsu yakan zo da 'yan mutanensa su yi waƙoƙinsu su tafi. Sauran kwanaki Takari ne suke shimfiɗa a inuwarsa suna jiran jirgi, mai gadin ba ya korar kowa. Kabarin babana yana can bayansa, wajen tudun yashi, shi Baba Nomau da hannunsa ya jera masa duwatsu.

Sannan na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Baba, shi ya san abin da yake ginawa?"

Tsohon nan ya fashe da dariya har ta koma tari, sai da na bubbuga masa baya.

Ya ce, "Ina fa ya sani. Baturen limaminsu ya yi ta yi masa bayani da gurgun Larabcinsa, babanka yana gyaɗa kai, don shi a duniya ba ya yarda a ce bai gane ba. Ya ga gabas, ya ga lungu, ya dawo ya ce mana ai baiwar Allahn nan masallaci take gina wa alhazai, sadaka ga mijinta. Har addu'a yake sa mu yi mata bayan salla. Mu da muka daɗe a garin mun sani, amma wa zai faɗa wa Mamman? Wani ya taɓa cewa, Mamman, masallaci ba a kwance ake yi ba? Ya ce masa haka ake yi a bakin teku."

Na ce, "Baba, kar ka yi mini wasa."

"Wallahi haka ya ce. Sai ranar da aka sauke wani akwati daga jirgi aka buɗe a gabanmu, ga ƙararrawa. Ya dube ta, ya dubi hasumiyarsa. Ya zauna daɓas a kan buhu ya riƙe haɓa, leɓensa na ƙasa ya zazzago, girarsa ɗaya ta hau sama." Ya nuna ni da gurasar hannunsa. "Jiya da ka zauna, ɗana, ba kai na gani ba. Mamman na gani, ba abin da ya bambanta ku. Ginin ya sa ni kukan farko, amma wannan fuskar ce ta hana ni runtsawa."

Ya ce babana ya yi kwanaki bai fito aiki ba. Sannan ya dawo ya ce baka ba a barinsa rabi, in ya faɗo a kan mutane zai faɗo, ko su wane ne. Ya hau ya ƙarasa shi. Daga nan a bakin ruwa suke salla, ba a jima ba zazzaɓin ya zo.

Ban san sa'ad da na fara kuka ba, a gaban tsoho, da rana tsaka, ƙato da ni.

Masallacin dai mun gyara shi a bayan buhu. Muka cike kusurwoyin nan da suka rage a waje, muka fasa katangun ciki, ya koma mai faɗi kamar na kowa. Na buɗa hasumiya har Ladan Bawa yana juyawa a ciki. Kaskon muka fitar waje tantabaru suna sha. Bakan tsakiya ne kaɗai Alhaji Barau ya ce a bari, don a cewarsa wannan na Zazzau ne, ba ruwansa da Ingilishi. Na yi shekaru ina salla a ƙarƙashinsa kafin a zo faɗaɗa hanya a kwashe shi. Bakin tekun kuwa ban taɓa komawa ba, kullum ina cewa baɗi, har gwiwa ta ƙi. Sunan da aka laƙaba mini, Mu'allim Kanisa, a hankali ake faɗarsa saboda kunnen hukuma, amma bai taɓa faɗuwa ba.

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne. In za ka kwaikwayi aikin ubanka, nemi wanda ya ga ƙarshen aikin ka tambaye shi, kuma in matarka ta ce ita ba ta san gini ba, to ajiye abin da ke hannunka ka saurara. Sai dai ni ban yi nadama can-can ba. Na nemi fuskar babana rabin rayuwata, ashe ba ta fitowa sai na yi abin kunya a gaban jama'a. Shi ya sa har yau in wani ya ɗauko labarin nan a taro ba na tashi in fita. Nakan zauna in riƙe haɓa, in bar su su yi ta dariya, su suna kallonsa, ni ina jin sa a fuskata.